Kafin Ka Miƙa wa Furodusa Labarinka: Yadda Marubucin Fim Zai Tsare Haƙƙinsa

Yawancin labaran finafinan Hausa da baki suke fara fita daga hannun masu su. Marubuci ya iske furodusa a ofis a titin Gidan Zoo, ko ya tare shi a lokeshan an tsaya sallar la'asar, ya ce yana da wani labari mai zafi. Furodusa ya gyara zama ya ce, "To Malam, ba ni in sha." Kafin shayi ya huce an zayyane komai, har da sirrin da aka ɓoye sai ƙarshen fim. Furodusa ya jinjina kai, ya ce zai neme shi. Bayan shekara marubucin ya ci karo da tallar wani fim a YouTube, ya ga labarinsa ne aka sauya wa suna, malamin makarantar da ke ciki ya koma likita. Daga nan sai Allah-ya-isa a Facebook, 'yan kwanaki a yi ta muhawara, ƙura ta lafa.

Duk wanda ya kai irin wannan kuka wurin lauya, tambayar farko da za a yi masa ita ce, ina rubutun? In babu, magana ta kusa ƙarewa. Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita yanzu a Nijeriya, wato ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta faɗa ƙarara cewa tunani zalla ba ya samun kariya. 'Yar mai kuɗi ta so talaka iyaye suka ƙi, kishiya ta shiga tsakanin uba da 'ya'yansa, an yi musanyar jarirai a asibiti: waɗannan na kowa ne. Tarihi ma haka yake. An saki fim a kan Sarauniya Amina ta Zazzau a 2021, kuma wannan bai hana wani ya rubuta nasa gobe ba. Abin da yake naka shi ne yadda ka jera fitowa bayan fitowa, maganganun da ka sa a bakin 'yan wasa, halin da ka gina wa kowane mutum a labarin, da yadda ka ƙulla ka kuma warware. Sunan fim shi kaɗai ba kasafai yake samun wannan kariya ba, shi ya sa za ka ga finafinai biyu da suna ɗaya ba wanda ya kai wani ƙara.

Inda dokar ta yi wa marubuci gata shi ne, da zarar labari ya sauka a takarda ko a kwamfuta, haƙƙin ya tabbata, ba sai an je wani ofis an buga hatimi ba. Dokar ta lissafa rubutun fim cikin ayyukan adabi, kariyarsa kuma tana nan tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, magada su ci moriya. Fim ɗin da aka ɗauka daga rubutun wani aiki ne daban, nasa wa'adin shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da shi, kuma wanda ya ɗauki ɗawainiyar shirya shi ake ɗauka a matsayin mai shi. Tun 1993 Nijeriya take cikin Yarjejeniyar Berne, don haka rubutun da aka yi a Fagge yana da kariya a ƙasashe sama da 180 ba tare da wata sabuwar rajista ba.

Ke nan haƙƙi ba shi marubutanmu suke rasawa ba. Hujja suke rasawa. Alƙali zai so ya gamsu cewa rubutun naka ne kuma ka riga wancan, cewa wanda kake ƙara ya samu hanyar gani ko jin rubutun, sannan abin da ya kwasa wani muhimmin sashe ne, ya wuce kamanceceniyar da kowane labarin soyayya yake yi da ɗan'uwansa. Duk dabarun da za su biyo baya tanadi ne na amsa waɗannan tambayoyi tun ba a yi su ba.

Sai dai kafin mutum ya tsare gidansa, ya tabbata gidan nasa ne. Masana'antarmu ta daɗe da abin da 'yan fim da kansu suke kira wankiya, wato a ɗauko fim ɗin Indiya a sa masa riga da hula. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan. Wanda ya wanko labarinsa daga Bombay ba shi da bakin cewa an sace masa, domin lauyan ɗaya ɓangaren zai kawo fim ɗin asali ya kunna a kotu. Haka kuma wanda ya gina rubutunsa a kan littafin wani. Mayar da littafi fim tsohuwar hanya ce a Kano, an yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, an yi da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Amma ikon yarda a juya littafi zuwa fim yana hannun mai littafin. Littafin da marubuciya take sakewa shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad yana da wannan kariya daidai da wanda aka buga a maɗaba'a, ko da kyauta ake karanta shi. A nemi izininta a rubuce kafin a fara tsara fitowa ta farko. In kuma ku biyu ko uku kuka haɗu kuka rubuta, ku zauna tun ana dariya ku rubuta kason kowa, da sunan wanda zai fara fitowa, da wanda aka wakilta ya yi ciniki.

Daga nan sai adana sawu. Kada ka goge tsohon daftari don sabo ya fi shi kyau. Littafin da ka fara zana labarin a ciki da biro, da 'yan goge-gogensa, da shafin da ka sauya wa jarumar suna sau uku, ya fi tsabtataccen kwafi ƙarfi a gaban alƙali, domin ɓarawo yana iya mallakar kwafin ƙarshe amma ba shi da tarihin yadda aka iso can. A kwamfuta, kowane babban gyara a ajiye shi da sabon suna mai kwanan wata, a tura wa kai ta imel, ko a ɗora a Google Drive inda na'ura take rubuta ranar da kanta. A shafin farko a sa sunan labari, cikakken sunan marubuci, alamar ©, shekara, da lambar daftari. Wannan ba ado ba ne: doka tana ɗaukar sunan da ke jikin aiki a matsayin sunan mai shi, sai in wani ya kawo hujjar da ta rushe hakan. Masu rubutu da laƙabi, Maman wane ko Ummu wance, su lura a nan. Laƙabi ba laifi ba ne, amma a samu wata takarda da ta haɗa shi da sunan da ke katin shaida.

Rajista ba dole ba ce, amma a ganina wanda ya kwashe watanni yana rubutu ya ƙi yin ta ya yi wa kansa rowa. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, NCC, wadda take da hedikwata a Abuja, tana karɓar rajista ta intanet. Za ka buɗe asusu a shafinta, ka cike bayanan aikin da na mai shi, ka ɗora kwafin rubutun, ka biya kuɗin da aka yanka, in an gama dubawa a ba ka takardar shaida. Takardar ba ita take ba ka haƙƙi ba, kuma ba ta nufin hukuma ta binciki duniya ta tabbatar ba wanda ya riga ka. Amfaninta shi ne wata hukumar gwamnati, wadda ba ƙawarka ba ce ba 'yar'uwarka ba, ta shaida cewa a rana kaza wannan rubutu yana hannunka da sunanka. A yi ta kafin a tura wa kowa. In daga baya an yi wa labarin gyaran da ya sauya masa kama, a sake yi wa sabon. Wasu suna ƙarawa da takardar rantsuwa a kotu, a liƙa kwafin rubutun a jikinta a buga hatimi. Ba ta da tsada, kuma tana ƙara nauyi. Marubutan Nijar su nufi ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasarsu, BNDA, a Yamai.

Akwai tsohuwar dabara ta sa rubutu a ambulan a aika wa kai ta gidan waya, a ajiye ba a buɗe ba. Ban ga abin dogaro a cikinta ba. Ana iya aika ambulan a buɗe a cika shi daga baya, kuma lauyan da ya san aikinsa zai faɗi haka.

Wanda yake harin gasa ko kamfanonin Amurka yana da ƙarin abin sani. Ƙungiyar marubutan fim ta can, WGA, reshenta na yamma, tana ajiye rubutu na tsawon shekara 5 ko da mutum ba mamba ba ne, kuma ana iya sabuntawa. Ajiya ce kawai mai tabbatar da kwanan wata. Rajista da Ofishin Haƙƙin Mallaka na gwamnatin Amurka ita ce mai ƙarfi, domin wanda ya yi ta a kan lokaci ne yake iya neman diyyar da doka ta ƙayyade da kuɗin lauya. Wanda kasuwarsa Kano ce da Kaduna da Jos, NCC ta ishe shi.

Yanzu ga inda ake yawan yin asara, wato wajen miƙawa. Kada ka juye kayanka gaba ɗaya a zaman farko. Fara da jimla biyu ko uku da za su nuna irin labarin. In an nuna sha'awa, ka ba da taƙaitawa ta shafi ɗaya ko biyu, a rubuce. Cikakken rubutu sai an nema, kuma sai ga mutumin da yake da ikon saye. A Kano labari yakan bi ta hannun yaron furodusa, ko abokin jarumi, ko wani da ya ce ya san wani. Kowane hannu da aka ƙara yana raunana hujjarka, domin gobe mai gidan zai rantse bai taɓa gani ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ce: labarin ya iso masa da baki, daga wanda ya ce nasa ne.

A tura a matsayin PDF, ba fayil ɗin da ake iya gyarawa ba, kuma kowane kwafi a sa sunan wanda aka ba a dishi-dishi a bayan rubutun kowane shafi. Manhajojin rubutun fim irin su Final Draft suna yin wannan, Word ma yana yi. In kwafin ya ɓulla a inda bai kamata ba, an san ƙofar da ya fita. Imel ya fi WhatsApp, amma tunda a WhatsApp ake harkar, a yi ta da lura. Saƙon da zai raka rubutun yana iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Kamar yadda muka yi magana jiya, ga rubutun fim ɗina mai suna kaza, shafi 92, wanda na yi wa rajista da NCC, lamba kaza. Na turo ne domin ka karanta. In ya yi maka, sai mu zauna mu yi ciniki kafin a yi amfani da shi ko da wani sashe nasa. Don Allah kada a tura wa kowa sai da sanina. In ya shigo a sanar da ni."

Babu rashin ladabi a ciki, amma ya ƙunshi rana, da sunan aiki, da tsawonsa, da sharaɗi. In Alhaji ya amsa da "Na gani, Malam, zan duba," to ka samu abin da marubuta da yawa suka nema a kotu suka rasa. Ka tabbata ba a kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu ba a hirar taku. Ka fitar da hirar gaba ɗaya ka adana a imel, kada ka tsaya ga hoton fuskar waya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, amma da sharuɗɗa game da na'urar da ta fitar da shi, don haka wayar da aka yi hirar da ita ba abin sayarwa ba ce a kasuwar waya ta Farm Centre ana tsakiyar rigima. In kuwa zaman baki da baki ya zama dole, ka je da mutum ɗaya, ka faɗi sharaɗinka kafin ka fara ba da labarin, da yamma kuma ka aika saƙo kana godiya kana maimaita abin da aka tattauna.

Wannan batu na faɗin sharaɗi tun farko yana da tarihi. A 1949 wani marubuci, Victor Desny, ya buga waya ofishin darakta Billy Wilder a Hollywood, ya karanta wa sakatariyarsa taƙaitaccen labarin wani mutum da ya maƙale a kogo, ya kuma gaya mata cewa in an yi amfani da shi sai an biya shi. A 1951 fim ɗin Ace in the Hole ya fito. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1956 cewa irin wannan magana tana iya zama yarjejeniya ko da ba a rubuta ba, amma wanda ya furta tunaninsa ba tare da ya gindaya sharaɗi ba, shi ya jiyo. Hukuncin na Kalifoniya ne, ba ya ɗaure alƙalin Kano. Darasinsa dai ya isa ko'ina.

Ana yawan ba sababbin marubuta shawarar su sa furodusa ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin ya karanta. Takarda ce mai amfani, tana kare har tunanin da dokar haƙƙin mallaka ta bari a fili. Gaskiyar magana kuwa, marubucin da ba a san shi ba in ya zaro ta, mafi yawan furodusoshi za su ce ya riƙe abinsa. Manyan kamfanoni da tashoshi ma sukan juya lamarin, su ba marubuci tasu takardar wadda take cewa mai yiwuwa suna da labari irin nasa a hannu, kuma ba zai kai su ƙara ba. Su ma suna da uzuri, domin mutum biyu suna iya tunanin abu ɗaya ba wanda ya ga na wani. A karanta irin wannan takarda da kyau, haka ma ƙa'idojin gasa. In an ga layin da yake cewa duk abin da aka turo ya zama nasu, a ja da baya. Inda yarjejeniyar sirri take aiki sosai shi ne tsakaninka da wanda zai buga maka a kwamfuta, da mai fassara, da wanda zai duba maka ya gyara.

Babban abin da yake hana mu duk wannan shi ne kunya. Yaro ya ce wa babba "a rubuta" sai a ga kamar ya ce ba shi da amana. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa. Furodusan kirki ma yana amfana da takarda, domin ita za ta kare shi ranar da wani zai taso ya ce labarin nasa ne.

In an kai ga ciniki, a san bambancin sayarwa da bayar da izini. Sayarwa ita ce haƙƙin ya bar hannunka ya koma na mai saye. Izini kuwa haƙƙin yana nan naka, ka yarda a yi abu kaza na lokaci kaza. Doka ta ce sayarwa, da izinin da aka keɓe wa mutum ɗaya tak, ba sa inganta sai a rubuce. Izinin da ba na keɓewa ba yana iya tabbata da baki, ko ma a fahimce shi daga halayyarka. Wato in ka karɓi kafin alƙalami, ka je lokeshan ana ɗauka kana gyara wa 'yan wasa magana, zai yi wuya ka dawo ka ce ba ka yarda ba. Abin da ya rage sai rigimar nawa ne, ita kuma babu takardar da za ta raba ta.

Takardar cinikin ta faɗi kuɗi da lokacin biyan kowane kaso. Ta faɗi me aka saya: fim ɗaya ne, ko har da ci gabansa? Yanzu da finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube da tashoshi irin su Arewa24, labarin da aka saya da kuɗin fim ɗaya yana iya zama zango biyar. Ta faɗi wa yake da ikon mayar da shi littafi, ko fassara shi, ko sayar wa wata tasha a waje. Ta faɗi yadda sunanka zai fito, domin "Labari" daban, "Tsara Labari" daban, kuma haƙƙin a ambaci sunanka yana nan tare da kai ko ka sayar da komai. Ta kuma sa wa'adi: in ba a fara ɗauka ba cikin shekara ɗaya ko biyu, labari ya dawo hannun mai shi. Furodusan da bai haɗa kuɗin aiki ba tukuna yana iya biyan wani abu kaɗan ya riƙe labarin na wata shida ko shekara, in ya shirya ya cika, in bai shirya ba ka kai wani wuri.

Kalmar da ta fi kowace haɗari ita ce riba. Art Buchwald, marubucin barkwanci na jaridun Amurka, ya ba kamfanin Paramount wani gajeren labari bisa yarjejeniya a 1983. Da Coming to America na Eddie Murphy ya fito a 1988 babu sunansa, ya kai ƙara, a 1990 kotu ta ce daga labarinsa aka gina fim ɗin. Yarjejeniyar ce ta cece shi. Sai kamfanin ya ce fim ɗin, wanda ya tara sama da dala miliyan 280, bai ci riba ba bisa lissafin da ke cikin takardar, aka shiga wani sabon zagaye na shari'ar a kan wannan. In an ce maka "za mu raba riba," ka nemi a rubuta kaso nawa, daga wane kuɗi, bayan an cire me, kuma wa zai nuna maka lissafin. Kaso kaɗan daga kuɗin da ya shigo ya fi kaso mai tsoka daga abin da ya rage. Kuɗin da lauya zai karɓa ya duba shafi biyu bai kai na shari'ar wata ɗaya ba.

In duk da haka aka yi maka ta'adi, kada ka fara da Facebook. Kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna kafin taka ta tashi. Sauke fim ɗin ko tallarsa ka adana, ka zauna ka jera fitowarka da tasu gefe da gefe, da lambar shafi da mintin da abin ya zo. Lauya ya rubuta wasiƙa. Sau da yawa a nan ake sasantawa, ko a gaban dattawan sana'a da ƙungiyoyi irin su MOPPAN, kuma duk abin da aka cim ma a rubuta shi a sa hannu. Ana iya kai ƙorafi NCC. YouTube yana da fom na neman a sauke abin da aka ɗora ba da izini ba, dokar 2022 ma ta tanadi hanyar sanar da masu shafukan intanet su cire irin wannan. In sai an je kotu, shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce, ba ta majistare ko kotun jiha ba, kuma tana iya dakatar da nuna fim ɗin, ta sa a biya diyya, ko ta sa a kawo lissafin abin da aka samu da shi.